Masu sauraron 'yan gudun hijira, su wa ke sauraronsu?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum. Ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a sansanonin waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, sai ka ga bayan 'yan watanni barci ya ƙaurace musu, ga saurin fushi, wasu ma su ajiye aikin. Me shugaban tawaga zai tsara a aikace?

Malamar Jinya: Wa alaikumus salam. Malam, a fara rarrabewa, don ciwon biyu ne. Akwai gajiyar da yawan aiki da jinkirin albashi ke kawowa, maganinta rage kaya da hutu. Akwai kuma firgicin da ke kama mutum saboda yawan jin labarin kisa da fyaɗe: munanan mafarkai, faɗuwar gaba, kauce wa wasu marasa lafiya. Wannan kam, hutu kaɗai ba ya kawar da shi. Takardar ProQOL mai tambayoyi 30 tana auna duka biyun. A cike ta duk wata uku, amma kada sakamakon ya je hannun mai sabunta kwantiragi, in ba haka ba kowa zai rubuta lafiya lau.

Dattijon Sansani: Haka ne, Malama. A ƙara da zaman bitar aiki duk mako, awa ɗaya zuwa biyu, mutum shida ko ƙasa da haka, ƙwararre ya jagoranta, ba mai sa hannu a albashi ba. Tsarin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya, na taimaka wa masu damuwa su shawo kan matsalolinsu, zama biyar ne da kowane mara lafiya, kowanne minti 90. Wanda aka jera wa irin wannan huɗu a wuni, ga rubuta rahoto, ba zai jure ba. A cakuɗa masu nauyi da masu sauƙi.

Kuskuren da aka fi yi: bayan an kai hari a tara kowa a ce sai ya faɗi abin da ya gani dalla-dalla. Hukumar ta ba da shawarar a guji haka, don yana iya fama ciwo. A ba da agajin farko na kwantar da hankali, mai son magana ya yi, wanda ba ya so a ƙyale shi.

Malamar Jinya: Kada a manta da tafinta. Shi ke maimaita labarin da bakinsa, yana cewa "aka kashe mini ɗa", kuma galibi shi ma ɗan gudun hijira ne. A ware masa minti goma bayan kowane zama, kuma kada a sa shi ya yi wa danginsa ko maƙwabtansa tafinta.