In annoba ta sake dawowa, wane tsari ƙaramar hukuma za ta tanada don kar karatu ya tsaya?

Abu_Sumayya:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar koyarwa da masu aiki a ofishin ilimi ina neman shawararku. Ina cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, na wata firamare, an ce kowane kwamiti ya kawo shawara a rubuce kan abin da ƙaramar hukuma za ta yi in wata annoba ta sake ɓullowa, Allah ya kiyaye. Kowa dai ya tuna 2020, a watan Maris aka rufe makarantu saboda korona, 'yan ajin ƙarshe suka koma 4 ga Agusta saboda WAEC da aka fara 17 ga wata, sauran yara kuma sai Oktoba, wato sama da wata shida yaran firamare suna gida ba karatu ba komai sai yawo da talla. Ni abin da ba na so shi ne mu rubuta takarda mai daɗin karantawa wadda ba za ta yi aiki a ƙauye ba. Daga ina ake farawa?

Malama_Hajjo:
Wa alaikumus salam Malam. Ni malamar aji uku ce, kuma abin da zan fara ce maka shi ne ku fara da rijista, ba da kwamfuta ba. Rijistar da ke da sunan yaro da unguwarsu da sunan mai unguwa da lambar wayar wani babba a gidan ko maƙwabci. Lokacin da aka buɗe a Oktoba akwai yaran da ba su dawo ba kuma ba mu san inda za mu neme su ba, wasu an kai su koyon sana'a, wasu sun bi iyaye gona, manyan 'yan mata na aji shida wasu an ɗaura musu aure, abin ya tsaya min a rai har yau wlh.

Sai maganar rediyo. Jihohi irin su Kano da Kaduna sun sa darussa a rediyo da talabijin kuma an yi ƙoƙari, amma darasin rediyo in ba wanda zai zauna da yaron ya duba littafinsa to iska ce kawai take kwashewa. Yaro ɗan shekara takwas ba zai zauna shi kaɗai ya saurari lissafi ba, ga shi rediyon ma na baban ne ya tafi da shi kasuwa. Abin da nake gani zai yi aiki, a raba malamai unguwa-unguwa, kowace malama ta riƙe yaran da ke kusa da gidanta, a buga takardun aiki na sati ɗaya waɗanda suka dace da darasin rediyon, a ajiye a ƙofar gidan mai unguwa ko a makaranta iyaye su karɓa, ƙarshen sati a dawo da su a duba. Kuma a yi darasin ƙananan aji da Hausa don uwar da ba ta yi boko ba ita ma ta gane abin da ake cewa ta taya yaron. Saliyo ta yi karatun rediyo lokacin Ebola da makarantunsu suka rufe daga 2014 har Afrilun 2015, shi ya sa da korona ta zo ba daga farko suka fara ba, suna da malaman da suka saba. Mu ma a naɗi darussan tun yanzu a ajiye, a yi magana da gidan rediyo tun lafiya lau, ba sai an kulle gari a fara neman wanda zai shiga situdiyo ba.

In an dawo aji kuma, maganar tazara tsakanin yara a ajin da ke da yaro ɗari ko fiye, a ƙasa suke zaune gwiwa na gogar gwiwa, ba yadda za a yi sai an raba su 'yan safe da 'yan rana. To wa zai koyar da 'yan rana, kuma ya za a yi da Islamiyya da yawancinsu ke zuwa da yamma? Ku sa malaman Islamiyya a zaman tun farko.

Garba_Amurka:
Malam Abu, bari in faɗi yadda na gani a nan. Makarantun gwamnati a Amurka gunduma-gunduma ake tafiyar da su, kowace gunduma da shugabanta da majalisarta, a mafi yawan wurare mutanen gari ne ke zaɓen 'yan majalisar. Gundumar da yarana suke ta yi tsari mai hawa uku ne, kowa a aji, ko rabi a aji rabi a gida ana juyawa, ko kowa a gida ta intanet, kuma an rubuta abin da zai sa a tashi daga wannan a koma wancan. An raba wa yara ƙananan kwamfutoci da ake kira Chromebook, wasu gundumomin har motar makaranta suke ajiyewa a unguwa da wayifai a ciki. Abin da ya fi burge ni abinci ne, makaranta a rufe amma kicin bai tsaya ba, iyaye su zo su karɓa a ƙofa, Los Angeles ta yi suna a kan wannan. Duk da haka karatun yara ya ja baya sosai musamman 'ya'yan talakawa, jarrabawar ƙasa ta 2022 ta nuna lissafi ya faɗi warwas.

Malama_Hajjo:
Yallaɓai Garba ka ga ke nan, masu wuta da data ma abin bai yi musu daɗi ba, bare mu da cajin waya sai an kai shago. Amma wannan hawa ukun zan ɗauka, yana da kyau, sai dai a cire intanet a sa rediyo da takarda. Intanet a bar wa malamai, guruf na WhatsApp tsakanin hedimasta da malamansa da sakataren ilimi ya wadatar.

Mai_Allura:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce a asibitin sha-ka-tafi, kuma roƙona kar ku rubuta tsarin korona kaɗai. Abin da ya fi yiwuwa ya shigo makarantarku shi ne kwalara da damina, sanƙarau da zafi, ƙyanda, ko mashaƙo irin wanda ya yi mana ɓarna a Kano a 2023, kuma yara ne ya fi kamawa. Kowanne da maganinsa. Kwalara maganar ruwa ce da masai da masu sayar da abinci a bakin get, takunkumin fuska ba abin da zai yi mata. Sanƙarau cunkoso ne da ɗaki mara iska, shi ya sa makarantun kwana suka fi shiga haɗari. Mashaƙo da ƙyanda kuma rigakafi ne, a duba katin yaro lokacin shiga aji ɗaya, wanda ba a yi wa ba a kira mu mu zo makaranta mu yi.

Kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in sa ido kan cututtuka, ya kamata lambarsa tana manne a ofishin kowane hedimasta, kuma a rubuta ƙarara wa ke da ikon cewa a rufe aji ɗaya, wa ke da ikon rufe makaranta ɗaya, don ba kullum ne sai an rufe duka ba. Sannan makarantar kwana in cuta ta ɓulla kar a yi gaggawar zuba yara a mota kowa ya tafi garinsu kafin a duba su, haka ake kai cutar ƙauyen da ba ta je ba. Mun ga haka a 2020 da aka riƙa mayar da almajirai jihohinsu, aka gwada wasu a can aka same su da ita.

Bokiti mai famfo kuma dan Allah kar a saya in ba a san inda ruwan zai fito ba. Na shiga makarantar da bokitan ke jere a baranda sababbi fil, ko ɗigo babu a ciki, burtsatsen ya lalace tun bara. Kuɗin gyaran burtsatse da sabulu ya riga komai.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Nijar ba mu jima ba, an rufe lakwal cikin Maris an buɗe farkon Yuni, amma sai muka haɗu da damina. Azuzuwa da yawa a ƙauye na zana ne, ruwa guda da iska sun kwashe su, ga shi lokacin shuka da noma iyaye na son yaransu a gona. Don haka wanda zai ce za a rama karatu da hutun damina ya duba kalandar manomi tukuna.

Abu_Sumayya:
Allah ya saka da alheri, na kwashe duka. Malama Hajjo, saura tambaya ɗaya, malamai za su yarda su riƙa zagaya unguwa haka ba ƙarin ko sisi?

Malama_Hajjo:
Wasu za su yi don Allah, amma kar ku gina tsari a kan haka Malam. A sa ɗan alawus na mota da katin waya a rubuce, kuma albashi kar ya tsaya. Ku tuna da 'yan uwanmu na makarantun kuɗi, a 2020 da yawa watanni suka yi ba albashi tunda iyaye ba sa biya, wasu suka koma kasuwa da tuƙa adaidaita kuma ba su dawo allo ba. Malaman sa-kai da ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ke biya su ma haka. In za ka miƙa takardar, ka nemi a rubuta sunan ofishin da zai fitar da kuɗin a gaban kowane layi, buga takardu, lokacin rediyo, sabulu, alawus. Ka turo mana nan mu gani kafin ka kai.