Neman taimako: me za mu kira PPO da Hausa?

Mai Fassara (Bronx): Assalamu alaikum. Malamai, ku agaza mini. Ranar Asabar bayan Azahar zan yi wa dattawanmu bayani a masallacin unguwa kan inshorar lafiya ta Medicare, wadda ake shiga a nan Amurka idan an kai shekara 65, kuma na yi alkawarin raba musu takarda da Hausa. Lokacin sauya tsari daga 15 ga Oktoba ne zuwa 7 ga Disamba, kwana ya ƙure. Inda na cije shi ne PPO, wato "preferred provider organization". Tsari ne na kamfanonin inshora a ƙarƙashin Medicare Advantage, wato Medicare ɗin da ake karɓa ta hannun kamfanoni masu zaman kansu. Kamfani na da jerin likitoci da asibitocin da ya ƙulla yarjejeniya da su. Ka je wurinsu, ka biya kaɗan. Ka je wajen wani daban, ba a hana ka ba, amma kuɗin zai fi yawa. Na rubuta "tsarin zaɓaɓɓun likitoci", sai dai raina bai kwanta ba.

Bakano: Wa alaikumus salam. Ai ya yi daidai, mene ne aibinsa? Ko ka ce "likitocin da aka fifita".

Ma'aikaciyar Jinya: Yaya, don Allah kar ka sa "zaɓaɓɓu". Wa ya zaɓe su? Kamfani ne, kuma farashi suka daidaita a kai. Tsoho na jin "zaɓaɓɓu" zai ɗauka su ne gwanayen gari. "Fifita" ma haka. Sannan ba likita kaɗai ba ne, har da asibiti da ɗakin gwajin jini da wurin gashin ƙashi.

Mai Fassara (Bronx): Abin da ke damuna ke nan, Hajiya. Makon jiya wani baba ya same ni bayan Isha'i da takardu a leda, hannunsa na rawa. Likitan ido ya je gani wanda abokinsa ya yaba masa, ashe ba ya cikin jerin kamfaninsa. Da takardar biya ta zo, ya ɗauka kuskure ne. Ya zaro katinsa ya nuna mini, ga haruffa uku a jiki, ya ce, "Ɗana, an ce da wannan ko'ina zan iya zuwa." Gaskiya aka faɗa masa, amma rabinta.

Tsohon Malamin Hausa: Kafin a je ga PPO, a fara gyara tushe. "Inshora" ba Hausa ba ce. Muna da "lamuni". A ce "lamunin lafiya". Shi kuma wannan tsari na ƙirƙira masa suna: TSAZALI, daga Tsarin Zaɓaɓɓun Likitoci. Gajere ne, ya zauna a baki, yana karɓar jam'i: tsazalai. Idan Bature ya iya taƙaita nasa zuwa haruffa uku, mu me ya hana mu?

Ɗan Zongo: Allah ya gafarta Malam, in ka ce "lamuni" a gaban tsofaffinmu, bashi za su ji. Wani zai tashi ya fita yana cewa ba ya cin riba.

Tsohon Malamin Hausa: Wannan jahilcin kalma ne, aikinmu kuwa shi ne mu koyar. Haka aka riƙa saki har Hausar wasu wurare ta koma rabi Turanci.

Ɗan Zongo: Wasu wurare ina, Malam? Faɗi kai tsaye. Kakanninmu sun kai goro da Hausa daga Salaga zuwa Kano tun kafin Bature ya zo. Yau a Nima da Kumasi a Ghana yaranmu da ita suke tashi, ba makarantar da ta koya musu. Ba za a mai da mu 'yan rakiya ba.

Ɗiyar Damagaram: Malam, da girmanka, "likita" ɗin da ke cikin Tsazali daga ina ta fito? Ita da "asibiti" duk aro ne. Mu nan har "lokotoro" muna cewa, daga Faransanci. Ban ga wanda harshensa ya mutu ba.

Tsohon Malamin Hausa: Aron da ya shekara ɗari ya zama ɗan gida. Wanda ake shigowa da shi yau da gangan, alhali muna da abin cewa, shi nake ƙi.

Bakano: Ni wata matsala na hango. In za ka kwatanta da HMO, wato "health maintenance organization", ka yi hattara. A Najeriya HMO kamfanin ne da ke tsakanin mai inshora da asibiti, tun zamanin NHIS, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, da ta koma NHIA a 2022. Wanda ya zo daga gida zai ɗauka sunan kamfani ake nufi.

Ma'aikaciyar Jinya: Wannan magana ce. A nan nau'in tsari ne. Mai HMO ba ya fita daga jeri sai a larurar gaggawa, kuma galibi sai likitansa ya ba shi takarda kafin ya ga ƙwararre. Mai PPO ba ya buƙatar takardar. Yaya, ka ƙara musu abu biyu: kuɗin wata na Sashen B, ɓangaren Medicare na ganin likita, yana nan, PPO ba ta ɗauke shi. Kuma likitan da ba ya cikin jeri ba dole ne ya karɓe su ba in ba gaggawa ba, su buga waya kafin su tafi. Masu zuwa gida su yi wata uku kuma su tambaya da kyau, don Medicare galibi ba ta biyan jinyar da aka yi a wajen Amurka.

Ɗiyar Damagaram: To me zai hana "likitocin ragi"? Kamar mai shagon da ka saba da shi.

Ɗan Zongo: Ma'ana ta fita, amma za a ji kamar likitocin arha ne. Ba dattijon da zai kai idonsa wurin ragi.

Mai Fassara (Bronx): Na gode ƙwarai. Ga inda na tsaya. Haruffan PPO zan bar su yadda suke, don su ne a jikin kati, su ne kuma za a tambaye su a waya. Baba ba zai ce wa ma'aikaciyar kamfani "Tsazali" ta gane ba. A ƙasa zan rubuta: "tsarin likitocin yarjejeniya: na cikin jeri da sauƙi, na waje da tsada". Daga nan sai in riƙa cewa "na ciki" da "na waje".

Ma'aikaciyar Jinya: Ka sa "da asibitoci".

Mai Fassara (Bronx): Na sa. Layin ya yi tsawo, sai na rage girman rubutu, su kuwa idanu sun yi rauni. Zan ƙara shafi.

Tsohon Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba suna ba. Har yanzu ba mu da kalma. Amma tunda Asabar ta matso, je ka da shi. "Yarjejeniya" dai Hausa ce tsantsa, ba ni da ja a kanta. Tsazali kuma ban janye ba, kuma ina roƙon a rubuta "lamuni" ko sau ɗaya kusa da "inshora".

Mai Fassara (Bronx): Ranka ya daɗe, a takarda ba zan sa ba, saboda maganar bashin nan. Zan faɗe ta da baki in ga yadda za su karɓa. Wa ke da kalmar "deductible", wato kuɗin da mutum zai fara biya daga aljihunsa kafin inshora ta fara biya? Ita ce a shafi na biyu.