Abin da masu son rok a Gusau suka ce kan sabuwar waƙa

Matasan Gusau masu sauraron kiɗan furogiresif rok, wani salon kiɗan Turawa mai dogayen waƙoƙi, sun yi ta muhawara kan sabuwar waƙar mawaƙan da suke bi. Wasu sun ce ta yi tsawo. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce kada a yanke hukunci a jin farko. Tun tasowarsa a Ingila ƙarshen shekarun 1960, salon nan ba ya gaggawa, kuma ganga takan sauya taku a tsakiya kamar yadda makaɗin kotso ke juya hannu. A sa abin sauraro na kunne, don lasifikar waya tana haɗiye amon jitar bes, wato jita mai kaurin sauti. Wani ya ce a daina auna ta da tsofaffin fayafayan mawaƙan, kuma na yarda da shi. Mai ƙarancin data ya sauke ta da dare.