Shin zanga-zanga ta taɓa sauke farashi?

Alhaji mai shago: Assalamu alaikum 'yan unguwa. Na ji yara na ta maganar a sake fita kan titi. Ni matsayina ɗaya ne, zanga-zanga ba ta taɓa sauke farashin mudun gero ba. An fita ran 1 ga Agusta 2024, aka ce kwana goma za a yi. Mi aka samu? An rasa rayuka, an fasa shaguna a Kano, an kafa dokar hana fita, kafin shekarar ta ƙare litar fetur ta haura naira 1,000. Kasuwa ke yanke farashi, kuma kasuwa ba ta jin ihu.

Malamar firamare: Wa alaikumus salam Kawu. A gafarce ni, amma cewa "ba ta taɓa ba" ya yi yawa. A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141. Jama'a suka fito, ƙungiyar ƙwadago ta tafi yajin aiki, dole aka dawo da ita 97. Kuma ba kasuwa ta cire tallafin mai ba ran 29 ga Mayu 2023. Mutum ne ya tsaya a Abuja ya furta da bakinsa.

Alhaji mai shago: Ɗiyata, 97 ɗin ta daɗe? Jinkiri kawai aka samu.

Ɗan kabu-kabu: Baba Alhaji, mai iyali jinkirin ma shina so. Da can in na zuba man ɗari biyar ina aiki har azahar. Yanzu in na ɗauki fasinja daga Tsohuwar Kasuwa zuwa Arkilla na faɗi kuɗi, sai ya sauka ya ce zai taka da ƙafa, kuma ban ga laifinsa ba. Da yamma in cire na mai mashin, in cire na mai, abin da ya rage bai sayen tiya guda ta shinkafa.

Ɗalibin jami'a: Ni abin da nake so a duba shi ne wa ke cin ribar wannan tsari na jari-hujja. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma Sakkwato ce kan gaba, kusan kashi 91 cikin ɗari. Jihar da ke cika tireloli da albasa zuwa Legas har ƙasashen maƙwabta! Ku je Goronyo ko Wurno lokacin cirar albasa. Manomi ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, ba shi da wurin ajiya mai kyau, albasa kuma ba ta jira. Dole ya sayar a araha. Mai jari ya kwashe, ya adana, bayan wata huɗu ya fitar da ita ninkin-ba-ninki. Wanda ya sha rana shi ke komawa ya sake cin bashi.

Alhaji mai shago: Yaro, mai ajiyar nan shi ma shina asara in ta ruɓe. Fatauci halal ne, kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja. Kada ku ɗauko mana aƙidar gurguzu.

Limamin masallacin unguwa: Alhaji, fatauci halal ne, babu ja. Amma ɓoye abinci don ya yi tsada Musulunci ya hana, haka riba. Ba sai mun aro daga waje ba. Shehu Usmanu a cikin Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Inda nake tare da kai shi ne fita babu jagora. Yaran da aka kwasa a Agusta, a Nuwamba aka gan su suna faɗuwa a kotu a Abuja, sun rame, kafin a ba da umarnin sakin su. Waɗanda suka zuga su ta waya suna ina a ranar?

Malamar firamare: Allah gafarta Malam, ai hotunan yaran da suka yaɗu da surutun da jama'a suka yi ne ya sa aka sake su. Da an yi shiru suna can.

Dattijon unguwa: Ku bari tsoho ya sa baki. A 1980 Bakalori na cikin jihar Sakkwato. An gina madatsar ruwa, an karɓe gonakin mutane, diyya ta ƙi fitowa yadda aka yi alkawari. Manoma suka tare hanya. A watan Afrilu aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta, har yau ana gardama kan yawan waɗanda suka mutu. Mutanen nan ba su karanta littafin kowa ba, gonakinsu suke nema. Don haka, Alhaji, kada ka ce musu masu ihu. Kai kuma ɗalibi, ka san da abin da akan amsa wa talaka in ya fito.

Ɗalibin jami'a: Na ji, Kaka. To mu fara da abin da ke hannunmu. Masu kabu-kabu suna da ƙungiya, manoman albasa suna da ita. Mi zai hana a haɗa kuɗi a gina rumbun ajiya na gamayya, a kuma riƙa zuwa gaban 'yan majalisarmu da takarda a hannu?

Alhaji mai shago: Rumbu kam zan sa kuɗina. Titi ne ba zan bar ɗana ya je ba.

Ɗan kabu-kabu: Baba, ni a kan titin nake wuni. Rumbun zai sauke man fetur?