Abin da aka tattara kan zama malamin jami'a a fannin gini mai dacewa da muhalli

Salamu alaikum 'yan uwa, magana ta yi tsawo kan tambayar yadda mutum zai zama malamin jami'a a wannan fanni, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda sai an bi lisans, mastar, sannan doktora, babu gajeriyar hanya. Wasu sun ce a fara a Politeknik ta Jami'ar Marwa, wasu EAMAU ta Lome, makarantar zanen gini da tsara birane ta hadin gwiwar kasashen Afirka, tunda Kamaru da Cadi duk suna ciki.

2. Batun bincike an fi dadewa a nan. Da yawa sun ce kar a je nesa, zafin Garwa a watan Afirilu ya isa, ka auna dakin bulo da kwano ka auna dakin kasa mai kaurin bango ka ga bambanci, don kasa tana rike zafin rana sai dare ta sake shi. An ambaci dakunan kasa na kabilar Musgum na wajen Pus, da Francis Kéré, mai zanen gini dan Burkina da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar zanen gini ta duniya, a 2022. Ni ma nan na tsaya wallahi.

3. Inda aka rabu: wasu sun ce a tafi CRAterre, cibiyar binciken ginin kasa a Faransa, wasu sun ce zama da tsoffin magina ya fi. Masu tuna ambaliyar Yagwa kuma sun ce kasa zalla ba ta jure ruwa, a sa siminti kadan a harsashi.

4. Albashi kadan ne a farko, a rike zanen gidaje a gefe, kuma a koyi Turanci saboda buga bincike.