Wai me dattawan nan suke samu a hidimar hoki ne?

Baban Khalifa:
Salam 'yan uwa mazauna Kanada, dan Allah ina da tambaya. Bana na saka yarona a hokin ƙanƙara na unguwarmu a Calgary, ajin 'yan ƙasa da shekara 9, to wajen rajista sai suka ce in ajiye cek, wai in ban yi musu aikin sa kai na wasu awanni ba kuɗin ya tafi. Abin da ya fi ɗaure min kai wani dattijo ne mai tsara lokutan fili, an ce ya haura shekara talatin yana wannan hidima, 'ya'yansa duk sun girma sun watse kuma ko sisi ba a ba shi, amma shida na safe cikin sanyin nan yana wajen. Da gaske ne ko dai akwai lauje cikin naɗi? Sannan a jerin ayyukan har da tsaron gidan caca dan tara wa ƙungiyar kuɗi, ni kam ban san ta inda zan ɓullo ba.

Maman Ikram:
Wslm. Babu wani lauje Baban Khalifa, haka abin yake. Koci da manaja da mai tsaron agogo da ma'aji duk iyaye ne ko waɗanda suka taɓa zama iyayen 'yan wasa suka kasa bari, alƙalan wasa ne dai ake ɗan ba wani abu. Kuɗin da ka biya hayar fili ke cinye mafi yawansa, ƙanƙarar nan tsada gare ta, da za a ce a biya kowa albashi wlh sai 'ya'yan masu hali kaɗai za su buga. Aikin gayya ne kawai irin nasu. Maganar caca kuma ka faɗa musu kai tsaye addininka ya hana, ni haka na yi suka ba ni wankin riguna da rabon su, ba wanda ya ɓata rai.

Malam Na Winnipeg:
Ƙanina ai shekara talatin ba komai ba ce a wajensu. Akwai W. A. Hewitt, ɗan jarida ne a Toronto, ya riƙe sakataren ƙungiyar hoki ta Ontario tun 1903 har 1966, shekara 63 kenan. Ita kanta ƙungiyar ƙasa ta 'yan wasan da ba ƙwararru ba, a 1914 aka kafa ta, sai 1994 ta haɗe da wata ƙungiyar ta zama Hockey Canada ta yanzu. Shi ya sa a zauren karramawa na hoki da ke Toronto suka ware ɓangare guda na waɗanda suka gina wasan, ba sai ka ci ƙwallo ba. Amma fa kar a ɗauka duka waliyyai ne, wani yana son girman, wani ya kankane kujera ya hana matasa, kuma a can sama, wato a Hockey Canada, an ga abin kunya a 2022 da aka gano ana biyan diyyar ƙararrakin cin zarafin mata daga wani asusu da kuɗin rajistar yara ke shiga, har shugabannin suka sauka. Na ƙasan nan su suka fi kowa jin haushi lokacin.

Baban Khalifa:
Ikon Allah. Na gode Malam, na gode Hajiya. To ni da ko tsayuwa a kan ƙanƙara ban iya ba fa?

Maman Ikram:
Hhh ba wanda ya ce ka hau. Karɓi agogo, dattijon nan da kansa zai nuna maka a wasa ɗaya. In kuma aikin da ya shafi zama da yara ne sai ka kawo takardar binciken 'yan sanda, ka nema da wuri dan wani lokacin tana ɗaukar makonni. Ka tafi da safar hannu, akwatin agogon nan sanyi gare shi.