Neman kalma: me za mu kira "minor league" da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Masana harshe da 'yan ƙwallo ku matso kusa, akwai kalmar da ta tsaya min a wuya tun satin da ya wuce, wato "minor league", gasar besbol ta Amurka da ke ƙarƙashin babbar gasa.

Mun taso daga Bronx a mota ni da yarona da wani ƙanina za mu Greensboro wajen sunan 'yar yayanmu, wanda ya san garin ya san 'yan Nijar sun yi yawa a can. Hanya ce mai nisa, ka bi I-95 har Petersburg ta jihar Virginia sannan ka karya ka hau I-85, kafin ka kai Greensboro da kaman awa ɗaya sai ka ratsa Durham. Yaron nan tun daga gida yake roƙona mu tsaya mu kalli wasan Durham Bulls, shi ɗan besbol ne na gaske don kusa da filin Yankees ya tashi. Toh muka tsaya.

Filin a tsakiyar gari yake, jikin tsofaffin gine-ginen kamfanin taba masu jan bulo, an buɗe shi 1995 kuma mutum wajen dubu 10 yake ci. Kujerarmu kusa take da 'yan wasa har kana jin ƙarar ƙwallo idan ta faɗa cikin safar hannun mai cafewa, tas! kaman an mari buhu. Ta hagu akwai wata doguwar katanga shuɗiya, a samanta an kafa hoton wani ƙaton bijimi, an rubuta a jikinsa wai wanda ya doki sa da ƙwallo ya ci gasasshen nama, wanda ya doki ciyawar da ke ƙasansa ganye zai ci. Da ɗan wasansu ya doki ƙwallo ta tsallake katanga ya ci maki sai idon bijimin ya kaɗa ya yi ja, hayaƙi na fita ta hanci, wutsiya na kaɗawa, yara suka ɗau ihu. Gyaɗa muka saya da lemo, sauran abincin ba mu yarda da namansa ba. Da magariba ta yi muka samu wani lungu muka shimfiɗa darduma, ba wanda ya ce mana uffan.

Inda matsalar ta taso shine da na zo yi wa Hajiyarmu saƙon murya. Na ce Hajiya mun tsaya kallon wasa, sai na rasa yadda zan ce wane irin wasa kuma wace irin gasa. Yaron kuma yana gefe yana cewa Abba faɗa mata da Hausa mana in ji. Abin ya dame ni wallahi, don kullum ni ke masa faɗan ya riƙa Hausa a gida.

Sunan wasan kansa bai ba ni wahala sosai ba. Muna da ƙwallon kwando, ƙwallon raga, zari-ruga, ƙwallon dawaki. Na ji masu cewa ƙwallon gora amma wannan an riga an ba hoki, wasu ma har kurket suke kira haka, in muka ƙara besbol a kai ruɗani zai yi yawa. Sandan da suke dukan ƙwallon da shi mulmulalle ne, siriri ta wajen riƙo mai kauri ta kai, kulki ne sak. Don haka ni ƙwallon kulki na zaɓa, filin kuma filin ƙwallon kulki, shikenan.

Minor league ɗin ce ta gagare ni. Abin da ya fara zuwa bakina shine gasar 'yan dagaji, kaman yadda muke cewa kulob ya faɗa rukunin 'yan dagaji a Ingila. Amma ƙanina ya ce Yaya ba haka tsarin yake ba, kuma da na tsaya na duba gaskiya ya fi ni. A Ingila kulob ne ke hawa ya sauka, ka yi ƙoƙari a Championship ka haura Firimiya. A nan ko Durham Bulls ta cinye kowa da kowa ta ɗau kofi, baɗi tana nan inda take. Ɗan wasa ne ke hawa, ƙungiya ba ta motsi. Manyan ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana da ƙanana huɗu a ƙarƙashinta tun gyaran da aka yi a 2021, jimla 120 kenan, mataki-mataki: Single-A, High-A, Double-A sai Triple-A wadda daga ita sai babbar gasa. Durham a Triple-A take, uwar gidanta kuma Tampa Bay Rays ce tun 1998. Ita Rays ɗin ce ke ɗaukar yaran, ita ke biyansu albashi har da masu horarwa, ita ke cewa wane ya hau wane ya sauka, masu filin na gari su dai tikiti da abinci da nishaɗin 'yan kallo ne nasu. Wanda ka tafa wa yau da dare gobe ana iya kiransa ya tattara kayansa ya tafi sama. Su Turawan ma da kansu gona suke kwatanta tsarin da ita.

Toh ga tambayar, me za mu ce?

Ƙarin bayani bayan na karanta amsoshinku, na gode ƙwarai.

Masu cewa ƙaramar gasa, ba laifi fassara ce kai tsaye, amma gasar unguwa ma ƙaramar gasa ce, ba ta nuna alaƙar da ke tsakanin babba da ƙarami ba. Gasar share fage kuma mun riga mun saba da ita wajen wasannin neman gurbin kofin duniya, kunne zai tafi can.

Malam daga Damagaram, Allah ya ƙara basira, gayauna da ka kawo ta tsaya min a rai har na kwana ina juya ta. Gandu babbar gonar gida, gayauna 'yar gonar da maigida ke yanka wa ɗa ko ƙane ya noma a lokacinsa, kuma tunda su ma gona suka ce sai abin ya zauna daram a kunne. Inda na ɗan ja baya Malam shine amfanin gayauna na mai ita ne, shi zai girbe ya sayar ya yi hidimarsa. A nan kuwa duk abin da ya nuna babban gida ke ɗaukewa. Sannan yaranmu na birni da yawa ba su taɓa jin kalmar ba, sai an yi fassarar fassara. Amma don Allah kar a yar da ita, a rubutu mai zurfi za ta yi kyau.

Hajiya da ta ce reno, ranki ya daɗe ina ganin ke kika harbo ta. Na tuna masu lambu a fadama, yadda ake renon irin tumatir da tattasai a ɗan fangali, in ya yi ƙwari a cire a kai babban fili a dasa, fangalin kuma yana nan a zuba wani sabo. Haka Durham take ba ƙari ba ragi. Kuma kalmar tana juyuwa yadda ake so: gasar reno, ƙungiyar reno, ɗan wasan reno, matakin reno na ƙarshe a maimakon Triple-A. In an kira yaro sama sai a ce an yaye shi, wanda aka dawo da shi a ce an maida shi reno. Ɗan'uwan da ya ce ai akwai 'yan shekara 30 da ɗoriya a ciki waɗanda sun taɓa buga babbar gasa, reno bai dace da su ba, maganarka gaskiya ce, na ga irinsu a filin ran nan. Sai dai sunan tsarin muke nema ba na kowane mutum ba, kuma dalilin kafa shi renon ne.

Na gwada ta a kan Hajiyarmu ɗazu a waya, na ce mun je kallon ƙwallon kulki ne na gasar reno, inda manyan ƙungiyoyi ke ajiye yaransu kafin su ƙosa. Ba ta nemi ƙarin bayani ba, cewa ta yi to Allah ya sa su ƙosa lafiya. Yaron ya rubuta kalmar a bayan tikitinsa. Greensboro ma suna da tasu ƙungiyar renon, Grasshoppers, wato fara, ta Pittsburgh Pirates ce, yayanmu ya ce in mun dawo hutun baɗi can zai kai mu.